Dish Ɗaya, Hoto Iri-iri: Ina Laifin Yake?

  Yau a kan rufin gida za mu tsaya, wajen wannan farantin ƙarfe da ke kallon sama, wanda kowa ke kira dish.

Ƙorafin sananne ne. Magidanci ya sayar da rake ko masara, ya sayo filasma mai faɗi, ya haɗa da risiba wadda aka rubuta HD ɓaro-ɓaro a kwalinta, ya kira mai haɗa dish ya hau ya saita. Ya kunna wata tasha, sai ga hoto tangaran, har ana iya ƙirga zaren hular mai karanta labarai. Ya danna rimot ya koma tasha ta gaba, ita ma da HD a kusurwarta, amma fuskokin mutane kamar ana hango su ta cikin hazon hunturu. Wani lokaci ma tashar ɗaya ce: shirin ƙarfe takwas garau, na ƙarfe tara dishi-dishi. Daga nan sai a kira yaron da ya yi aikin a ce ya dawo, ya ci kuɗi bai saita daidai ba. Abin da nake so mu fahimta a yau shi ne, a mafi yawan lokuta wannan yaro ba shi da laifi. Kyan hoton da muninsa an riga an yanke su tun kafin ya iso rufin gidanku, a wurare biyu: inda aka ɗauki shirin, da inda aka raba wa tashoshi gurbi a kan tauraron ɗan Adam.

Mu fara da haruffan nan biyu. Hoton talabijin ƙananan ɗigo-ɗigo ne aka jera, kamar saƙar tabarma. Tsohon ma'aunin da muka saba da shi, wanda ake kira SD, yana da ɗigo 720 a kwance da layi 576 a tsaye, wato ɗigo dubu 414 da 'yan kai. HD kuwa iri biyu ne da aka fi sani: mai 1280 sau 720, da mai 1920 sau 1080, wanda ya haura ɗigo miliyan 2, kimanin ninki biyar na SD. Iyakar alkawarin da HD ya yi ke nan, yawan ɗigo. Sunan girman mudu ne. Mudu kuwa ana iya cika shi da tsabar dawa, ana kuma iya cika shi da dawa rabi ƙaiƙayi rabi, kuma ba wanda zai ce mai awo ya yi ƙarya a kan girman mudunsa.

To me ake zubawa a mudun? Nan ne tarihin finafinanmu ya shigo. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a kaset ɗin bidiyo aka yi shi, kuma haka masana'antar ta tafi shekaru a kan kaset, daga baya ta koma faifan VCD. Faifan VCD ɗigo 352 sau 288 yake ɗauka, wato dubu 101 da kaɗan. Idan tasha ta ɗauko fim daga irin wannan faifai ta watsa shi a layinta na HD, dole na'ura ta buɗa kowane ɗigo ɗaya ya rufe gurbin ɗigo wajen ashirin. Na'urar ba ta san yadda idon jarumin yake ba, ba ta san adon da ke wuyan rigarsa ba. Cike gurbi kawai take yi da kintace. Haka abin yake ga tsofaffin wasannin talabijin na Kaduna irin su Samanja, waɗanda a kaset aka naɗe su. Abin da kyamara ba ta kama ba ranar ɗauka, babu injin da zai dawo da shi. Ga wani abin mamaki da ke tabbatar da wannan magana ta ɗaya gefen. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a kan fim irin na sinima aka ɗauke shi. Da aka gano ainihin faifansa aka gyara shi da na'urorin zamani, har a bikin finafinai na Berlin an haska shi a 2018. Fim na sinima yana riƙe da bayanin hoto mai yawa, don haka ana iya tatso HD na gaske daga cikinsa. Ke nan fim ɗin 1976 yana iya fin na 2003 fitowa garau. Tsufa ba shi ne ma'auni ba, abin da aka naɗa a kai shi ne ma'auni.

Ko a shirye-shiryen yau ɗin ma, tasha ɗaya tana tattaro kaya daga hannaye da yawa. Wani shirin a ɗakin ɗauka aka yi shi da fitilu da manyan kyamarori. Wani rahoton wakili ne ya ɗauka da waya a bakin kasuwa, ya turo ta WhatsApp, wanda shi kansa yana rage nauyin bidiyo kafin ya aika. Wani kuma daga YouTube aka sauke shi. Duk za su fita ta ƙofa ɗaya da tambari ɗaya a kusurwa. Shi ya sa shirin ƙarfe takwas da na ƙarfe tara ba sa kama da juna, alhali dish ɗinku ko gezau bai yi ba.

Yanzu mu zo ga wuri na biyu, wanda ya fi ɓuya ga mai kallo, kuma a ganina ya fi nauyi. Hoton HD kamar yadda yake fitowa daga kyamarar gidan talabijin yana cin kusan megabit 1,500 a kowace daƙiƙa. Abin da ke isowa gida ta tauraron ɗan Adam sau da yawa bai kai megabit 10 ba. A sake jin wannan lissafi: ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ne ke isowa. Sauran an zubar da shi da gangan. Manoman tumatir na Kudan da Ikara sun daɗe da sanin wannan dabara. Idan kwando ya yi nauyi, kasuwa ta yi nisa, sai a yanka a shanya a yi kauɗa. Buhu ɗaya ya ɗauke abin da kwanduna da yawa suka ɗauka. Uwargida ta jiƙa ta yi miya, miyar ta yi daɗi, amma ba wanda zai ce ɗanyen tumatir ya dawo. Tasha tana shanya hoto, risibarku tana jiƙa shi. Tambayar kawai ita ce, wane irin bushewa aka yi masa.

Yadda ake matse hoton yana da hikima. A tsarin da muke bi a Nijeriya, hotuna 25 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Maimakon a aiko kowanne cikakke, sai a aiko cikakke guda jefi-jefi, a tsakani kuma a riƙa aiko abin da ya canza kawai. Ku ɗauki malami zaune yana tafsiri. Bango bai motsa ba, kujera ba ta motsa ba, leɓɓansa da hannunsa ne kaɗai ke aiki. Irin wannan hoto ɗan abinci kaɗan yake buƙata ya fito fes. Ku kwatanta da hawan Sallah a Zazzau: dawakai na sukuwa, ƙura ta tashi, alkyabbu da rawuna kala-kala, dubban kawuna na motsi, mai kyamara kuma yana bin mahaya da gudu. Kusan kowane ɗigo yana canzawa a kowane hoto. Idan rabon tashar bai isa ba, na'urar matsewa ba ta da zaɓi sai ta sadaukar da ƙananan bayanai, sai ka ga hoton ya farfashe zuwa 'yan murabba'ai kamar an jera bulo, ko ya yi laushi har sai motsi ya lafa. Haka ƙwallo take. Ciyawar fili na daga cikin abubuwan da suka fi wahalar matsewa, shi ya sa a gidan kallo za ka ga filin tsaf da ganyensa lokacin da ake shirin bugun fanareti, da an buga dogon fasin kyamara ta juya, ya koma koren fenti. Akwai kuma wani abin takaici: hoton da aka ɗauka a duhu, ko aka kwafo daga tsohon kaset, yana da wani yashi-yashi da ke rawa a kansa. Na'ura ba ta bambance wannan yashi da motsi na gaske, sai ta ɓata rabonta wajen aiko shi. Mummunan hoto ya fi kyakkyawa cin abinci, kuma ya fi shi fitowa da muni.

Wa ke yanke yawan rabon? Kuɗi. Taurarin da ke kawo mana talabijin suna tsaye ne a kan layin da ya raba duniya biyu, a nisan kilomita 35,786, suna juyawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa dish ke kallon wuri ɗaya shekara da shekaru. DStv a yankinmu daga taurarin Eutelsat da ke digiri 36 gabas yake saukowa, Nilesat tana digiri 7 yamma, Badr na Arabsat na digiri 26 gabas, namu na gida NigComSat-1R, da aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011, yana digiri 42.5 gabas. Kowane tauraro yana da 'yan ɗakunan aika saƙo ƙididdigaggu, kuma ɗaki ɗaya matsakaici yana ɗaukar abin da bai wuce megabit 40 zuwa 60 ba, gwargwadon fasahar da aka yi amfani da ita. A ɗauke shi kamar motar haya a Tashar Yari. Direba na iya ɗaukar mutum biyar kowa ya miƙe ƙafa, yana kuma iya cusa goma sha biyu har da na but. Motar ɗaya ce, man da za ta sha ɗaya ne, amma kuɗin kujera ya bambanta, haka ma yadda fasinja zai sauka. Babban kamfani mai karɓar kuɗin wata daga miliyoyin mutane yana iya ware wa tashar wasanninsa kujerar gaba ita kaɗai, domin ita ce ke kawo masa ciniki. Ƙaramar tashar kyauta, wadda ke rayuwa da 'yan tallace-tallace ko gudummawar masu kallo, gefen kujera take iya saya. Hayar tauraro kuma galibi da kuɗin waje ake biyanta. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai tashar da kuɗin shigarsa naira ne, hayarsa dala, ba sai an faɗa muku irin matsin da yake ciki ba, kuma rage rabon megabit na daga cikin hanyoyin da suka fi sauƙi a gare shi, tun da ba a rubuta adadin a fuskar talabijin.

Akwai ƙarin wani abu da ke sa tasha ɗaya ta canza daga minti zuwa minti. Kamfanoni da yawa ba sa yanka wa kowace tasha rabo tsayayye. Suna zuba tashoshin ɗaki guda a akushi ɗaya, na'ura ta riƙa duba wadda ta fi bukata a wannan daƙiƙar ta ƙara mata, ta rage wa wadda hotonta ke zaune. Dabara ce mai kyau matuƙar ba duka suka ji yunwa lokaci ɗaya ba. Ranar Asabar da yamma, idan wasanni da yawa suka haɗu a akushi guda, kowa sai ya tashi da sauran ciki.

Kada a ɗauka wannan matsalar talakawan ƙasashe ce. A 2009 BBC ta sauya na'urorin matse hoto na tasharta ta HD, rabon ya sauko daga wajen megabit 16 zuwa 9.7. Masu kallo a Ingila suka yi ca, suna cewa hoton ya lalace. BBC ta amsa cewa sababbin na'urorin sun fi tsofaffin ƙwarewa, don haka ba sa bukatar rabo mai yawa. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, kuma wannan gardama tana koya mana mu yi hattara da lamba ita kaɗai. Fasahar matsewa tana ci gaba: MPEG-2 ta tsakiyar shekarun 1990, sai MPEG-4 ko H.264 a 2003, sai HEVC a 2013, kowacce tana iya ba da hoto mai kama da na wadda ta gabace ta da kusan rabin rabo. Megabit shida a hannun sabuwar na'ura na iya fin goma a hannun tsohuwa. Amma ƙwarewa tana da iyaka, kuma a hoto mai gudu ne iyakar ke fara bayyana.

Na san wani mai sauraro zai ce, malam, duk wannan bayani ne, amma ni da idona na ga an taɓa dish hoto ya gyaru, kuma na ga hadari ya taso hoto ya watse. Gaskiya ne, kuma ba a musa abin da ido ya gani. Sai dai cuta biyu ce ake haɗawa a ba su suna ɗaya. A zamanin eriya ta da, sigina in ta yi rauni hoto yakan yi yashi a hankali, in ta ƙaru ya washe a hankali, shi ya sa muka tashi da al'adar a juya eriya. Siginar dijital ba ta da wannan tsaka-tsaki. Lambobi ne ake aikowa, tare da wasu ƙarin lambobi na gyara kuskure. Matuƙar siginar ta haye wani mataki, risiba za ta karanta lambobin daidai, kuma hoton da za ta ba ka shi ne dai wanda aka aiko, ko ma'aunin inganci ya nuna 60 ko ya nuna 90. In ta faɗo ƙasa da matakin, sai hoto ya daskare, sauti ya yi ƙara ya yanke, daga nan allo ya ce babu sigina. Kamar bakin rijiya ne, ko kana sama ko ka faɗa. Ruwan sama mai ƙarfi, irin na watan Agusta, yana shanye zangon da yawancin ƙananan dish ke kamawa, ya tura ka cikin rijiyar. Babban dish, da saiti mai kyau, da LNB lafiyayye, wato ɗan kan nan da ke gaban farantin, da wayar da ruwa bai shiga ba, suna nisanta ka daga bakin rijiya, musamman ga tauraro irin Nilesat wanda Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya ya fuskanta, mu muna gefen haskensa ne. Wannan aikin mai haɗa dish ne, kuma in ya gaza a nan a tuhume shi. Amma ba zai iya ƙara wa tasha megabit ɗaya ba ko da zai kwana a kan rufi.

Bambance cututtukan biyu ba wuya. In hoto na tsayawa cak, sauti na sarƙewa, kuma tashoshi da yawa na yi tare, musamman da hadari ko iska, a duba dish da waya. In kuwa sauti lafiya lau, hoto bai tsaya ba, sai dai laushi ko bulo-bulo lokacin gudu, kuma a wasu tashoshi kaɗai, to daga can sama aka aiko shi haka. Mai shakka ya buga wa ɗan'uwansa waya a Hunkuyi ko Makarfi su kalli tasha ɗaya lokaci ɗaya. In aibin da ke nan shi ne a can, kuɗin kiran mai gyara ya huta.

Wani kuma zai ce, ashe ke nan HD ɗin duk yaudara ce, an dai sayar mana da suna. Ban yarda da wannan ba. Duk wanda ya ga wasan da aka ɗauka da kyamarar HD, aka ba shi rabo wadatacce, ya san bambancin a fili yake, har lambar rigar ɗan wasan da ke can ƙarshen fili ana karantawa. Inda nake ganin akwai abin zargi shi ne tashar da ta san yawancin kayanta na SD ne, ta san rabonta ɗan mitsitsi ne, amma ta liƙa HD a kusurwa don ado. Wannan cutar kai ce ma, domin rabon da zai ƙosar da ɗigo dubu 414 shi ne aka raba wa miliyan 2, kowa ya tashi da yunwa. SD mai ƙoshi ya fi HD mai yunwa kyan gani, kuma da tashoshinmu na Hausa masu ƙaramin ƙarfi za su zaɓi na farkon, su kashe abin da suka rage wajen fitila da makirfo da adana ainihin kwafin shirye-shiryensu, da mai kallo ya fi amfana. Ba kuma daidai ba ne a ce harshen ne aka raina. Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta nuna da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in cewa shirin Hausa na iya fitowa tsaf in an kula da ɗaukarsa tun daga tushe.

Saura abin da ke cikin ɗaki, domin a nan ma ana asara, ko da yake asarar nan duk tashoshi take shafa baki ɗaya. Wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan. Duk abin da ya bi ta rawayan kan SD ne. Gidaje da yawa suna biyan kuɗin HD wata-wata suna kallon SD saboda wannan waya, alhali wayar HDMI guda ta isa, sai kuma a shiga saitin risiba a tabbatar an sa ta fitar da 1080. Gidajen kallo da ke raba risiba ɗaya zuwa talabijin uku ko huɗu ta wayar eriya su ma sun mayar da hoton SD tun kafin ya isa allo. Sannan yawancin filasma masu inci 32 ɗigonsu 1366 sau 768 ne, ba su kai cikakken 1080 ba, ko da yake daga nisan da ake zama a falo ido ba ya cika gane wannan. Akwai kuma tsohon fim mai siffa kusan murabba'i da ake ja ya cika allo mai faɗi, har jarumi siriri ya koma ƙato. Maɓalli ɗaya a rimot yana gyara wannan.

Masu shirin sayen babbar talabijin don maganin dishi-dishi kuwa, su dakata su yi lissafi. Allon 4K ɗigonsa ya haura miliyan 8. In aka ba shi tashar SD, ɗigo ɗaya zai rufe gurbin ashirin. In fim ɗin daga VCD ya samo asali, ɗigo ɗaya zai rufe gurbin tamanin. Allo mai inci 55 a ɗaki mai ƙafa goma sha biyu zai fito da kyan tasha mai kyau, zai kuma tona asirin mara kyau fiye da yadda ƙaramar talabijin ta taɓa yi, har tazarar da ke tsakanin tashoshin ta fi ta da girma a ido. Kafin a biya kuɗi a shago a Zariya ko Kano, a ce wa mai kanti ya cire faifan gwajin nan mai furanni da tsuntsaye, ya sa tashar da aka fi kallo a gida, a ja da baya daidai nisan kujerar falo, a duba.